Khadijatu Ba Ta Faɗin Sunan 'Yar Fari

Duk wanda ya zauna a unguwar Nakkasa da ke Makka kafin motocin rusau su shigo ya san Khadijatu mai gyaɗa, ko da bai taɓa sayen gyaɗarta ba. Ita ce doguwar matar nan da ke gangarowa daga ƙololuwar unguwa da sanyin safiya, ƙatuwar roba a kanta, hannuwanta a sake, tana gaisawa da mutane dama da hagu ba tare da ta juya wuya ba. Unguwar a jikin dutse aka manna ta, gida bisa gida, hanyoyinta duk matakala ne da lunguna, mota ba ta isa ƙofar kowa. Tukunyar gas, buhun shinkafa, jarkar ruwa, komai a ka yake hawa. A nan aka haifi Khadijatu, a nan ta yi wayo, a nan ta yi aure ta haifi 'ya'yanta, a nan kuma ta yi takabar mijinta Abubakar, wanda ya ƙare rayuwarsa yana tura tsofaffi a keke a Harami.

Kasuwarta a Misfala take, a bakin shagon wani ɗan'uwan mijinta. Soyayyar gyaɗa, ƙuli-ƙuli, yaji, lalle. Idan watan Hajji ya kama sai ta kife robar ta tafi Mina girki a tantunan alhazai. Mutanen ƙasar Hausa in suka ji ta yi musu sannu da ibada da Kananci tsantsa, sai su ja su tsaya su tambaye ta ko 'yar wace unguwa ce. Ta ce 'yar Makka. Kano ko a mafarki ba ta taɓa ganinta ba. Hausar bakinta ta Inna ce, mahaifiyarta, wadda aka goyo daga wani ƙauye a ƙasar Bichi, ta kuma shigo Makka da ƙafarta, don shekarun da iyayenta suka shafe a hanya suna noma da ƙwadago ta Chadi da Sudan sun ishi jaririya ta zama yarinyar da ake aike.

Abu biyu Inna ta bar wa Khadijatu waɗanda ba su shiga rabon gado ba. Ɗaya naɗin gammo, ɗaya kunyar 'yar fari.

Da Khadijatu ta haifi ta farinta, ana yaye ta Inna ta ɗauke ta zuwa ɗakinta. Sunan yarinyar Hadil, amma ba wanda ya taɓa jin sa a bakin uwar. "Ke" take ce mata. In ana zancenta a bayan ido, 'yar Inna ce, ko yarinyar nan. Baƙo in ya tambayi Khadijatu 'ya'ya, daga Muhannad take farawa, ta ƙare a kan Manar, auta. Larabawan unguwa kuma, bisa tasu al'adar ta kiran uwa da sunan ɗanta namiji, Ummu Muhannad suke ce mata, ta amsa da fara'a.

A wurin mutanen da, wannan ba ƙi ba ne, kawaici ne, kuma sau da yawa wanda ake yi wa shi shi ne a can ƙasan zuciya. Amma je ka gaya wa yarinyar da ta tashi a makarantun Makka, tana ganin uwaye a bakin ƙofa suna rungume 'ya'yansu suna "ya ruhi, ya galbi" a gaban kowa. Lokacin da Inna ke raye ita ke rarrashinta, ta ce rabu da uwarki, kunya take ji, ni ce uwarki. Inna ta rasu. Rusau ya zo ya watsa unguwa, aka koma wani bene a bayan gari inda maƙwabci bai san maƙwabci ba. Babu sauran tsohuwar da za ta fassara wa yarinya shirun uwarta.

Hadil ta yi karatu, ta zama jagorar mata masu tafiyar ƙafa a duwatsu. Wani sabon yayi ne da ya shigo ƙasar: mata su haɗu, kowa ta goya jaka, su yi kwanaki suna ratsa tsaunuka da kwaruruka suna kwana a tanti. Khadijatu ba ta taɓa gane kan abin ba.

"Kakanninku rashin mota ya sa su tafiyar ƙasa," in ji ta. "Ku kuma ga mota a ƙofar gida, kun ajiye ta kun tafi neman wahala."

Hadil sai ta ci gaba da haɗa jakarta. Dama zancen da ke tsakaninsu ba ya wuce an ci abinci, an kulle ƙofa.

Ana nan sai aka ba Hadil aiki a arewa, can wajen Ula, tafiya mai nisa ko a mota. Manar ce ta kawo maganar da ta hana Khadijatu sukuni, wata rana suna kicin uwar tana murje ɓawon gyaɗa.

"Ummi, kin san esh Hadil ta ce? Wai ko ta tafi ba za ki lura ba, tunda ko sunanta ba kya faɗa."

"Allah ya shirye ku," in ji Khadijatu, ta ci gaba da aikinta.

Amma maganar ta tsaya mata a ƙirji. Ta san 'yarta. In ta tafi da wannan a ranta, ta tafi ke nan, sai dai a riƙa ganinta da Salla tana zama a bakin kujera irin na baƙi. Ta kuma san kanta. Ko za a yanka ta ba za ta iya zaunar da yarinyar ta ce mata ina son ki ba. Abin da ta iya shi ta yi. Ta ce da Manar, "Gaya wa yayarki, wannan tafiyar dutsen ta ƙarshe da za ta yi kafin ta tashi, da ni za a je."

Lokacin sanyi ne. Mota ta kai su can saman Hada, kusa da Ɗa'ifa, daga nan za su gangaro da ƙafa ta tsohuwar hanyar raƙuma da kwaruruka har su fito filin da ke wajen Arfa. Ranar farko Khadijatu ta yi biyayya. Hadil ta goya mata jakar, ta ja wannan igiya ta ɗaure wancan maɗauri, baiwar Allah ta yini a duƙe kamar mai goyon ƙaton yaron da ya ƙi yaye. Kafin yamma kafaɗunta sun yi tsami, ranta ya yi baƙi, ba ta kuma samu ta ce wa 'yar tata komai ba.

Washegari gari ya waye da farin gajimare kwance a kan dutse. Birai sun jeru a saman wani falalen dutse suna lissafin gurasar mutane. Aka yi salla, aka sha shayi, aka naɗe tantuna, kowa ta sunkuya ta goya jakarta. Khadijatu ta zaro wani tsohon mayafi, ta naɗe shi a hannu, ta murɗa ta cusa bakin, ta ɗora a ka. Ta ɗaga jakar ta aza. Ta miƙe sak, ta yi ajiyar zuciya, duniya ta dawo mata daidai.

Mata suka sa dariya, wayoyi suka fito. Akwai wata Maha a cikinsu, likitar haƙori daga Jidda, mace mai saurin sabo, ita ce ta zagaye ta tana tafa hannu. "Mashallah, ya khala. Ko riƙewa ba kya yi?"

Hadil ta ƙaraso, ita babu dariya a fuskarta.

"Ummi, shanta irin wannan, jakar goyo ce, a baya ake ɗaukarta. Hanyar yau akwai gangara marra, ba kaɗan ba."

"Ke, tun ba a san za a haife ki ba nake hawa da sauka da kaya."

"Nan ba Nakkasa ba ce."

"Can ɗin a kan katifa aka gina ta?"

Hadil ta dube ta, ta dubi matan da ke tsaye suna jira. Ta haɗiye abin da ke bakinta. "Ɗayyib. Yalla, mu tafi."

Hanyar ta fara da hawa, don sai an haura wata kafaɗar tsauni kafin a faɗa kwari. A nan kam Khadijatu ta samu abin da take so. Shimfiɗar duwatsu ce ta mutanen da, ƙafar raƙuma da ta alhazai ta goge su sun yi sumul, matakala bayan matakala, sai ka ce an ɗauko lungun gidansu an miƙar da shi zuwa sama. Tun da suka koma benen nan ba ta yi gumin hawa ba sai yau. Ƙirjinta ya buɗe. Da suka kai sama gajimaren ya yaye, ta tsaya ta duba. Tsaunuka ne a bayan tsaunuka, baƙaƙe da jajaye, har iyakar gani, kwaruruka na ratsa su da farin yashi da ɗigon kore nan da can. Ta tuna Inna, yarinya ƙarama a bayan iyayenta, tana taka ƙasar da ba ta san sunanta ba. A ranta ta yarda cewa masu ajiye mota su hau dutse ba duka ne mahaukata ba, amma ba ta gaya wa kowa ba.

Abin da ya fi ɗaukar idonta kuwa ba tsaunukan ba ne. Ba ta taɓa ganin 'yarta a bakin aiki ba. Hadil tana gaba tana baya. Ta san wadda takalmi ya fara ci, ta san wadda ke ƙin shan ruwa, ta san wadda tsoron tsayi ya kama ta yi tsit. Ta durƙusa ta liƙa wa wata filasta a dunduniya, ta rage wa wata kaya ta ƙara a nata. Kowa da sunanta take kiranta, a hankali, yadda Inna ke kiran yara. Tafiyarta kuma ta Abubakar ce sak, kai a ƙasa, ƙafa ba gaggawa. Khadijatu ta ji alfahari ya cika ta har wuya.

A daidai nan Maha ta matso kusa da ita tana haki. "Khala, 'yarki babu irinta. Na daɗe ina bin ta, ban taɓa ganin ta bar kowa a baya ba."

Khadijatu ta yi abin da duk macen da ta samu tarbiyya za ta yi in an yabi 'yar farinta a gabanta. Ta kawar da ido ta ce, "Wannan? Me ta iya ban da yawon dutse."

Da Larabci ta faɗa, tunda da Larabci aka yi mata magana. Hadil tana 'yan taku kaɗan a gabansu. Ba ta waiwayo ba, ta dai ƙara sauri.

Da azahar suka sauka a wani ɗan kwari inda ruwa ya kwanta a tsakanin duwatsu, da wata tsohuwar magarya mai inuwa. Aka cire takalma, aka yi alwala, aka yi salla. Khadijatu ta buɗe jakarta, sai ga dalilin nauyinta. Ban da abin da aka ce kowa ta ɗauko, ta cusa ƙuli-ƙuli, da dambun nama, da yaji a kwalba, har da 'yar tukunya don ba ta yarda da na mutane ba. Ta rarraba wa mata, suna ci suna hawayen yaji suna ƙari. Dambun da ya fi laushi ta ware shi gefe tun a gida, ta san mai shi. Ta hango Hadil can ita kaɗai a kan dutse tana duban sama.

"Ke, zo ki ci."

Hadil ta taso ta zo, amma ba ta zauna ba. Ta juya harshe zuwa Hausa don kada sauran su ji, Hausarta mai ɗingishi wadda ba ta cika fitowa ba sai ranta ya ɓaci.

"Ummi, ina da suna."

"A cikina kika kwanta, zan rasa sanin sunanki?"

"To ki faɗa."

"Ba a yi."

"Lesh? Don me?"

"Haka muka taras."

"Manar, tun safe har dare kina kiranta. Muhannad, da sunansa ake kiranki. Ni kaɗai ce ke. Ni kaɗai ce wannan, wadda ba ta iya komai ba." Muryarta ta yi rawa, ta tsaya ta daidaita ta. "Na ɗauka da kika ce za ki zo, wani abu ne. Khalas, Ummi. Daga yau duk wanda ya ce ke, ba da ni yake ba."

Ga dama ta samu, a inuwa, babu mai jin su. Abin da ya hau da Khadijatu dutse ke nan da shekarunta. Ta buɗe baki, ta ji harshenta ya yi nauyi, ta ji kamar Inna da uwar Inna suna zaune a gindin magaryar suna kallonta. Abin da ya fito shi ne, "Ci abincin, ƙuda na sauka."

Hadil ta juya ta tafi. Dambun ya koma cikin jaka.

Ba su daɗe da tashi ba sararin da ke bayansu, can saman tsaunukan da suka baro, ya fara haɗewa. Inda suke rana ce tas, ko ɗigo babu, amma ana jin rugugin tsawa daga nesa. Hadil ta tara matan ta ce ba za su bi cikin kwarin ba kamar yadda aka shirya, za su bi ta jikin dutse, su kwana a kan tudu. Ba wadda ta yi musu. Duk ɗan Makka ya san sel, ruwan da ake yi a wani wuri ya zo ya ci mutum a wani wuri.

Sabuwar hanyar siririya ce, tana gangarawa a karkace, dutse a hagu, kwari a dama can ƙasa. A nan gammo ya fara nuna iyakarsa. Mai kaya a ka ba ta duban ƙafarta. A Nakkasa ba ta bukatar dubawa, ƙafafunta sun haddace kowace matakala, har wadda ta gutsure a ƙofar gidan mai wanki. Nan kuwa tsakuwa ce mai gudu a ƙarƙashin takalmi, gwiwoyinta kuma suka fara tuna mata shekarunta. Ta san ya kamata ta sauke ta goya. Girman kai ya hana, ga kuma yarinya na fushi, ba ta son ta ba ta gaskiya a gaban mutane. Ta koma can ƙarshen layi tana lallaɓawa.

Wata farar ƙaya ce ta raba gardamar. Reshenta ya miƙo saman hanya, duk masu goyo sun wuce ta ƙarƙashinsa ba su ma lura ba. Ya sarƙe igiyar jakar, Khadijatu ta taka gaba, jaka ta tsaya a baya. Ta kai hannu, ina. Jakar ta faɗi ta mirgina, ta yi tsalle a kan wani dutse, ta ci gaba da gangarawa har cikin yashin kwarin, ta fashe a can. Ana jin 'yar tukunyar tana ƙara ita kaɗai bayan komai ya tsaya.

Hadil ta dawo da baya. Ta leƙa ƙasa, ta dubi sama, ta dubi uwarta da gammo a ka babu kaya.

"Maganinki yana ciki?"

Khadijatu ta gyaɗa kai. Maganin hawan jini ne, wanda ba ta tsallake rana.

Hadil ta ce da Maha ta ja sauran su ci gaba, tudun ba nisa. Ta sauke tata jakar a gefen hanya. "Zauna a nan. Kar ki motsa." Ta bi gangaren tana dafa duwatsu, har ta zama 'yar ƙarama a cikin farin yashi.

Khadijatu ta zauna, kunya ta ishe ta. Daga inda take tana ganin kwarin duka, har bayan kwanar da ya yi ta wajen sama, wadda na ƙasa ba ya gani. Tana kallon 'yarta ta ba ta baya, ta sunkuya tana tsince kaya a bayan wasu manyan duwatsu. Sai ta ji wani sauti, kamar babbar mota na tahowa a nesa, alhali babu titi a wurin. Ta juya. Can bayan kwanar yashin ya canza launi. Wani abu ja-ja ne ke tahowa, ya cika kwarin baki da baki, yana ture ƙirare da kumfa a gabansa, ba ya ko sauri a ido.

Ta miƙe. "Ke! Ke!"

Ta ga kafaɗun yarinyar sun ɗaga sun tsaya. Ta ji. Wallahi ta ji. Ta ci gaba da tsintar kayanta ba ta waiwayo ba.

"'Yar Inna! Ruwa! Sel!"

Iska tana busowa daga ƙasa, tana mayar mata da rabin maganar, sauran kuma duwatsu suna dagula shi. Abin da ke isa kwarin amo ne kawai na muryar uwa, kuma Hadil ta riga ta yanke cewa faɗa ake ƙarasa mata daga sama. Ta yi biris. Ruwan ya sha kwana.

Khadijatu ba ta yi shawara da kowa ba, ko da Inna. Ta cika ƙirjinta da iska, da muryar nan da ta shekara tana ratsa hayaniyar Misfala, ta saki.

"Hadil!"

Dutsen da ke tsallake ya amsa, ya sake amsawa. Yarinyar ta juyo gaba ɗaya, kwalbar yaji a hannunta. Ba tsoro ne ya juyo da ita ba, don ba ta ga komai ba tukuna, mamaki ne. Ta ga uwarta tsaye a bakin gangare, mayafi ya zame, tana nuna sama da hannu biyu. Ta bi hannun da ido. Ta yar da kwalbar ta kama dutse.

Ba ta yi nisa da hawa ba ruwan ya iso. Ya shafe inda take tsaye, ya ɗaga jakar ya juya ta sau ɗaya ya wuce da ita, da tukunya, da dambu, da bargon kwana. Ƙararsa ta cika wurin har mutum ba ya jin numfashinsa. Hadil ta ci gaba da hawa da hannu da gwiwa, uwar tana salati tana miƙa hannu tun ba ta kusa ba. Da ta iso, Khadijatu ta damƙi wuyan rigarta ta jawo ta kan hanya, suka zube tare.

Khadijatu ta kama tafukan yarinyar ta juya su, duk sun kuje. Ta warware gammon ta shiga goge mata jinin.

"Kurma ce ke? Ina ta kira."

"Na ji."

"Kin ji kika ƙi juyowa. Da ruwan nan ya tafi da ke, me zan ce wa Allah?"

Hadil ta sa hannu a aljihu ta fito da 'yar ledar maganin, ta ajiye a cinyar uwar. Tana dariya, hawaye na zuba. "Ashe kin iya faɗa. Na ɗauka bakinki ne bai iya ba."

Khadijatu ta dubi ruwan. Ya fi mata sauƙi ta yi magana tana kallonsa.

"Wa kike tsammani ya zaɓe shi? Babanki wani suna ya so. Ni na ji wannan a bakin wata mata a asibiti tana kiran 'yarta, ya kwanta mini. Ban iya gaya masa ba, Inna na aika." Ta ja numfashi. "Kuma tun ranar da aka raɗa shi, babu sallar da na yi ban faɗe shi ba, goshina a ƙasa. Kafin na Muhannad, kafin na Manar. Shi Allah ba na jin nauyin gaya masa."

Hadil ta matso. Ta kwantar da kanta a kafaɗar uwar, kafaɗar nan mai tsami, abin da ba ta yi ba tun tana jaririya. Khadijatu ta sandare, ta duba hanya hagu da dama. Babu kowa sai wani biri a kan dutse. Ta ɗora hannu a kan 'yarta ta bar shi a nan.

Da suka tashi tafiya Khadijatu ta ce ita ba ta iya tafiya hannu rabbana ba, a ba ta wani abu ta ɗauka. Hadil ta ciro 'yar ƙaramar jakar ruwa daga cikin tata. Uwar ta dubi mayafin gammon, ya ɓaci da jini da ƙasa. Ta juya baya ta miƙa hannuwa, aka goya mata, aka ja igiya aka ɗaure maɗauri.

Rana na shirin faɗuwa suka hau tudun. An kafa tantuna, an ɗora shayi, matan duk suna tsaye a bakin hanya sun zuba ido, don sun ji ƙarar ruwan. Maha ce ta rugo ta rungume Khadijatu.

"Alhamdu lillah da kuka tsira, ya Ummu Muhannad."

Khadijatu ta sunkuyar da kai tana duban takalminta. Da ƙyar aka ji muryarta.

"Muhannad na biyu ne."

Maha ta dube ta, ta dubi Hadil da ke tsaye da hannu a naɗe. Mace ce mai saurin ganewa. "To, zo ki sha shayi, ya Ummu Hadil."

Kunya ta rufe Khadijatu tun daga kai har ƙafa. Ta ce, "Na'am."

Hadil ta tafi arewa kamar yadda aka shirya. Duk Juma'a tana kira, in ta samu hutu kuma ba ta jiran Salla, sai dai a ji ta tana buɗe tukwane a kicin. Kada wani ya ɗauka Khadijatu ta canza hali. Har gobe "ke" take ce mata, Hadil kuma tana amsawa. Tana nan a Misfala a bakin shagon nan, robarta a gabanta. Kwanan baya wata Hajiya daga Gumel ta tsaya sayen yaji, hira ta yi daɗi, ta tambaye ta 'ya'ya. Khadijatu ta ɗan yi jim, tana ƙulla leda.

"Akwai ta farin," in ji ta. "Tana arewa, tana hawa da mutane duwatsu. Ta iya aikinta."